Fam Huɗu a Kan Kofi Ɗaya: Me Ake Saya a Shagon Gahawa na Landan?

"Fam huɗu? A kan ruwan zafi da madara?" Kusan duk ɗanmu da ya sauka Landan sai ya yi wa kansa wannan tambaya, ranar da sanyi ya fara kora shi cikin shagon gahawa. Ba ya ɗaga murya. Allon farashi da ke bayan kanta yake kallo, ya juya fam zuwa naira a zuci, sai gabansa ya faɗi. A 2025 fam ɗaya ya kai naira 2,000 ko ya yi kusa, wato kofi guda naira 8,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun 2024 naira 70,000 ne a wata, kofi tara sun lashe shi. Ɗalibin da mahaifinsa ya sayar da fili ya turo shi karatu ba zai iya kau da kai daga wannan lissafi ba, musamman wanda ya zo kafin Yunin 2023, lokacin da fam bai kai naira 600 ba a farashin hukuma, ya kuma ga kuɗin da ake turo masa suna narkewa a hannunsa wata bayan wata.

Sai ya daure ya biya, ya kai baki, ya ji ɗacin ƙuna a ƙasa, madara mai toya harshe a sama, ƙamshi kuwa ko na magani babu. Nan ƙorafi na biyu yake fitowa, kuma ya fi na farko ciwo. Mutum yakan haƙura da tsada idan kaya ya amsa sunansa. Mun taso da fahimtar cewa abin da ya fi kuɗi ya fi kyau, ko aƙalla mai sayarwa zai ji nauyin karɓar kuɗi da yawa a kan abin da bai kai ba. A shagon gahawa na Landan wannan fahimta ba ta aiki, kuma dalilin mai sauƙi ne: kuɗin da ka miƙa, kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu na gahawa. Sauran duk kuɗin birnin ne. Ina ganin wajibi ne a faɗi haka ƙarara, domin a 'yan shekarun nan ana ta ɗora laifin tsadar a kan wanda ya fi kowa ƙaramin rabo a cikin kofin, wato manomi.

Masu shaguna suna da hujjarsu, kuma akwai gaskiya a cikinta. Ƙwayar gahawa ta yi tashin gwauron zabo. Iri biyu ne ke riƙe da kasuwar duniya: arabika mai ƙamshi, wadda ake nomawa a kan tsaunuka, da robusta mai ƙarfi da ɗaci, wadda ta fi jure zafi da cuta. Birazil ce kan gaba, ita kaɗai tana noma fiye da sulusin gahawar duniya, sai Biyetnam a bayanta, mai riƙe da robusta. A Yulin 2021 wani sanyi mai daskarar da ganye ya faɗa wa gonakin jihar Minas Gerais ta Birazil, kuma sabon dashe sai ya shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya. Ba a gama farfaɗowa ba fari ya biyo baya a 2024. Biyetnam ma ta sha nata farin, ga kuma wasu manomanta sun koma noman duriyan, ɗan itacen da ƙasar Sin ke saye da daraja. Tun ƙarshen 2023 hare-haren 'yan Husi a Bahar Maliya suka sa manyan jiragen dakon kaya suka bar hanyar Suwez suna zagayowa ta kudancin Afirka, tafiya ta ƙaru da kwana goma ko fiye, kuɗin dako da inshora suka bi ta. A Disambar 2024 farashin arabika a kasuwar Niyu Yok ya zarce matsayin da ya kai a 1977, wanda aka shekara arba'in da bakwai ba a taɓa ba. A Fabrairun 2025 laba ɗaya ta haura dala 4.

Duk wannan ya faru. Amma mu ɗauki alƙalami mu ga nawa ne ya isa cikin kofi. Laba giram 454 ce, saboda haka dala 4 a laba kusan dala 8.80 ke nan a kilo. Kofin gahawa mai madara irin wanda aka fi saye a Landan yana cin kimanin giram 18 na soyayyiyar ƙwaya. Da yake ƙwaya tana raguwa a wajen suya, sai a ce giram 22 na ɗanya. Kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na dala ba, wato wajen kwabo 15 a kuɗin Ingila, inda kwabo 100 ke yin fam. Wannan a ranar da farashi ya kai ƙololuwar da bai taɓa kaiwa ba ke nan. A 2019, lokacin da laba ta faɗo ƙasa da dala 1, ƙwayar da ke cikin kofin nan ba ta wuce ta kwabo 4 ba. Ashe duk farin Birazil da rikicin Bahar Maliya, abin da suka ƙara wa kofi bai fi kwabo 11 ko 12 ba, alhali farashin da ke kan allo ya ƙaru da kimanin fam guda a tsakanin shekarun.

Wani zai ce ai mai shago ba ɗanya yake saye a bakin jirgi ba, soyayyiya yake saye daga kamfanin suya, wanda shi ma ya ɗora nasa. Haka ne. To, mu ce ya sayi kilo a kan fam 20. Giram 18 ya tashi kwabo 36. Har yanzu ba a kai kashi ɗaya cikin goma na fam 4 ba.

Ina sauran suka tafi? Gwamnati ce ta farko a layi. Abin sha mai zafi yana ɗauke da harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari, wanda ke nufin kwabo 67 daga cikin fam 4 na baitulmalin Birtaniya ne tun kafin mai shago ya taɓa komai. A tsaya a kan wannan adadi: abin da gwamnatin ƙasar da ba ta noman gahawa take karɓa a kan kofi ya ninka kuɗin ɗanyar ƙwayar da ke ciki fiye da sau huɗu. Sai albashi. Mafi ƙarancin ladan awa ɗaya ya tashi daga fam 8.72 a 2020 zuwa fam 12.21 a Afrilun 2025, kuma a wannan watan ne aka ɗaga harajin da mai ɗaukar ma'aikata ke biya a kan kowane ma'aikaci daga kashi 13.8 zuwa 15. Ban ga laifin ƙarin albashin ba, wanda ke tsaye tun asuba yana haɗa wa mutane gahawa ya cancanci fiye da haka a birni irin wannan. Sai wutar lantarki da gas, da suka yi tsalle bayan Rasha ta mamaye Yukiren a 2022, shekarar da hauhawar farashi a Birtaniya ta kai kashi 11.1. Sai madara, wadda a babban kofi takan yi gogayya da gahawar kanta wajen kuɗi. Sai kofin takarda da murfinsa. Sannan uwa uba haya, da harajin shago da ake lissafawa a kan darajar hayar. Shagon da ke bakin tashar jirgin ƙasa, mai gidan da ya ba shi haya abokin tarayya ne a kowane kofi, ko da bai taɓa shiga ciki ba.

Manyan 'yan kasuwa sun san inda kuɗin yake. Lokacin da Coca-Cola ta sayi kamfanin shagunan gahawa na Costa a kan fam biliyan 3.9, cinikin da aka kammala a farkon 2019, suna ta saya, da shaguna a kan manyan tituna, da injinan da ke tsaye a gidajen mai.

Hujja mafi ƙarfi a wurina tana Italiya. Italiyawa ma ba sa noman gahawa, kasuwar duniya ɗaya suke saye da Ingila, fari ɗaya ya shafe su. Amma a yawancin garuruwansu ɗan ƙaramin kofin esfireso yuro 1 ne da 'yan kai, mai madara ma sau da yawa bai kai yuro 2 ba. Sirrin shi ne a tsaye ake sha. Mutum ya shigo, ya jingina da kanta, ya kurɓa sau biyu ko uku, ya ajiye kuɗi ya fita, wani ya maye gurbinsa. Idan kuwa ka ce sai ka zauna a tebur an kawo maka, musamman a dandalin da baƙi ke taruwa, farashi dabam ne, kuma a rubuce yake. Italiyawa sun raba kuɗin gahawa da kuɗin kujera. A Landan an cuɗe su wuri guda, har wanda ya karɓi nasa a kofin takarda ya fita cikin ruwan sama yana biyan kujerar da bai zauna a kai ba.

Kujerar nan kuwa ita ce ainihin abin da ke kai mutanenmu shagon. Ɗan wani abokina da ke karatu a can, na taɓa yi masa faɗa a kan kuɗin da yake kashewa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wallahi ba don daɗinta nake sha ba. Ɗakina idan na kunna abin ɗumama ɗaki wuni guda, kuɗin ya fi na kofin nan. A can kuwa akwai ɗumi, akwai intanet, ina ganin mutane." Na duba maganarsa na ga babu inda zan kama shi. Ɗaki ne da gado ya cinye rabinsa, a gidan da mutum biyar ke raba kicin ɗaya ba wanda ya san sunan wani. A lokacin hunturu ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Doka ta ba ɗalibi baƙo izinin aikin awa 20 kawai a mako lokacin karatu, kuma fam 4 ladan minti 20 ne na aikinsa. Yana sayar da minti 20 na guminsa ya sayi awa uku na zama cikin mutane.

A gida ba a sayen wannan. Akwai dakali a ƙofar gida, akwai majalisa bayan la'asar, akwai bencin mai shayi inda za ka zauna har dare ko ba ka sayi komai ba, a yi gardamar siyasa da ƙwallo, mai shayin ma ya sa baki. Bature yana da nasa wurin zaman, gidan giya, wanda Musulmi ba ya jin daɗin shiga. Laburare ana rufe shi da wuri, kuma ba wurin hira ba ne. Masallatai da yawa ana kulle su tsakanin salloli. Me ya rage? Shagon gahawa. Abin da ban sha'awa, domin tun asali aikin da gahawa ta yi ke nan. Sufayen Yaman ne suka fara shanta a ƙarni na 15 don su raya dare da zikiri, daga nan ta bazu zuwa Makka da Alƙahira da Istanbul, har aka taɓa hana ta a Makka a 1511, kuma taruwar da mutane ke yi a kanta tana cikin abin da ya dami hukuma. Shagon farko a Landan, wanda Pasqua Rosée ya buɗe a 1652, shi da ire-irensa kwabo ɗaya ake biya a shiga a sha a ji labarin duniya. A shagon Edward Lloyd ne masu jiragen ruwa da masu ba su inshora suka riƙa haɗuwa har kasuwar inshora ta Lloyd's ta samo asali. Tun wancan zamani kuɗin shiga majalisa ake biya. Bambancin kawai, kwabon ya zama fam 4.

Idan an gane haka, maganar inganci ta zo da sauƙi. Shagon da wurinsa ne ke kawo masa ciniki ba shi da wani dalili mai ƙarfi na gyara gahawarsa. Wanda ke gudun kada jirgi ya bar shi ba zai zaɓa ba, abin da ke gabansa zai saya.

Ga kuma aikin kansa ba wasa ba ne. Ka tsaya kusa da kanta a shagon da suka iya, ka kalli hannun mai haɗawa. Za ta niƙa ƙwayar a take cikin ɗan ludayin ƙarfe, ta ɗora a ma'auni, ta baje garin da yatsa, ta danne shi da madanni har samansa ya yi sumul, ta murɗa ludayin a jikin inji. Ruwan da bai kai ga tafasa ba zai ratsa garin da matsi mai ƙarfi, ya fara ɗigowa baƙi, ya koma ruwan zuma, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 an gama. Idan niƙan ya yi tsaki-tsaki ruwa zai wuce da gudu, abin ya fito tsararo mai tsami. Idan ya yi laushi da yawa ruwa zai maƙale, ya fito da ɗaci. Laimar iska ma tana canza shi, shi ya sa mai kula takan ɗanɗana ta sake saita injin niƙa tsakanin safe da rana. Madara kuma tana da iyaka: a ɗumama ta zuwa wajen digiri 60 ko 65 sai zaƙinta ya fito, a wuce 70 sai ya gudu, ta fara warin dahuwa. Wannan duk ilimi ne da hannu ke koya a hankali.

Yanzu ka kai wannan aiki shagon da layi ya kai bakin ƙofa, ma'aikaci yana kan mafi ƙarancin albashi, bai daɗe da zuwa ba kuma ba zai daɗe ba, an ce masa kada kowa ya jira fiye da 'yan mintoci. Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, matasan Italiya da Sifen da Folan da suka riƙe wannan sana'a suka ragu, samun ƙwararre ya ƙara wuya. Babban kamfani mai ɗaruruwan rassa abin da yake nema shi ne kofin wannan reshe ya yi daidai da na wancan. Hanya mafi sauƙi ita ce a soya ƙwayar har ta yi baƙi, domin ƙuna tana shafe bambanci: mai kyau da marar kyau, ta bana da ta bara, duk ɗanɗano ɗaya suke komawa. Sai a rufe ɗacin da madara. A babban kofi gahawar ba ta wuce 'yan cokula ba, sauran duk madara ce da kumfa, wani lokaci da ruwan sukari mai ƙamshin wani abu dabam. Ruwan Landan ma bai taimaka ba, ruwa ne mai alli, duk wanda ya leƙa gindin butar shayinsa ya ga farin ɓawon da ya kama zai gane. Shagon da bai tace ruwansa da kyau ba, ko wace irin ƙwaya ya saya, ƙamshin zai dushe.

Abin da ya fi tabbatar mini da zancena shi ne, akwai gahawa mai kyau ƙwarai a Landan, kuma kuɗinta kusan ɗaya ne da na marar kyau. Ƙananan shaguna, waɗanda 'yan Ostireliya da Niyu Zilan suka taimaka wajen yaɗa salonsu tun wajen 2005, suna sayen ƙwayar da masu ɗanɗano suka ba maki 80 ko fiye cikin 100, suna rubuta sunan yankin da aka noma ta da ranar da aka soya. Ƙwayarsu takan ninka ta manyan kamfanoni kuɗi, amma da yake ƙwaya ƙaramin kaso ce a cikin lissafi, bambancin a kan allo 'yan kwabbai ne, wani lokaci ma na tashar jirgi ya fi tsada. Da farashi yana bin inganci da ba a ga haka ba.

Sai dai ɗanmu ya shiga irin wannan shago ma ya fito yana yamutsa fuska, ya ce tsami gare ta. A nan harshenmu ne ke magana. Yawancinmu gahawar da muka sani ita ce Nescafé ta teburin mai shayi, rabin cokali a cikin ruwan zafi, da madarar gwangwani da sukari mai yawa, a sheƙa daga kofi zuwa kofi har ta yi kumfa. Garin nan mai narkewa, wanda Nestlé ta fara fitarwa a 1938, ya koya wa harshenmu cewa gahawa ɗaci ce da ake kashewa da zaƙi. Arabikar da aka soya sama-sama kuwa ɗan itace ce, tana da ɗan tsami da ƙamshin fure, kuma masu ita da gangan suke barin sa. Ba na ganin wannan abin kunya ne gare mu, kuma ba na yarda da masu ɗaga hanci da ke ɗaukar ɗanɗanon wata unguwa a Landan shi ne ma'aunin duniya. Mu ma muna da wasu ƙofofin da muka san gahawa ta cikinsu. Alhazanmu sun sha ta Larabawa, fara-fara mai kayan ƙamshi, a 'yan ƙananan kofuna tare da dabino. Hausawan Sudan, na Kasala da Gadarif, sun tashi da jabana mai citta a tukunyar ƙasa. Kowacce da ma'aunin kyanta.

Wanda ke son ya ga inda aka san darajar abin nan, ya nemi gidan abincin Habashawa ko Iritiriyawa, suna nan da yawa a Landan. Matar da ke haɗawa za ta wanke ɗanyar ƙwaya, koriya-koriya, ta zuba a ƙaramin kasko tana kaɗawa a kan wuta har ta fara ƙara tana tsatso mai. Sai ta zagayo da kaskon yana hayaƙi, kowa ya jawo hayaƙin da hannu zuwa hancinsa. A niƙa, a zuba a tulun baƙar ƙasa mai dogon wuya, a bar shi ya taso, a sauke ya kwanta. Ga turaren lubban yana tashi, ga gugguru a faranti. Daga sama take tsiyayowa cikin 'yan kofuna marasa mariƙi, a can ƙasarsu kuma har zagaye uku ake yi. Tsakanin suya da sha ba a yi rabin awa ba, kuma babu injin da zai iya ba ka wannan sabunta. Habasha ce mahaifar arabika, kuma kusan rabin abin da take nomawa 'yan ƙasar ne ke shanyewa.

Ga mai neman sauƙi a aljihu, shawarata ba ta da tsawo. Ya sayi ƙwaya da ɗan injin niƙa na hannu da 'yar butar alminiyam irin ta Italiyawa. Jaka mai giram 250, ko a fam 10 ya saye ta, za ta ba shi kofi 14, kowanne wajen kwabo 70, kuma zai fi na tasha nesa ba kusa ba. Amma wannan ya magance gahawa ne kawai, bai magance kaɗaici ba. Nan ne nake ganin ƙungiyoyinmu na mazauna waje da kwamitocin masallatai suke da aiki a gabansu. Ana tara kuɗi a kama babban zaure don bikin Sallah sau biyu a shekara. Ɗaki ɗaya mai ɗumi, da buta da tabarma ko kujeru, a buɗe da yamma a watannin sanyi, zai fi yi wa ɗalibanmu amfani.

Na dawo kan manomi, domin shi ne zancen ya fi damuna a kansa. Na sha ganin 'yar takarda a manne a kanta, ana ba masu saye haƙuri cewa an ƙara kuɗi saboda tsadar ƙwaya a kasuwar duniya. Ƙaramin mai shago da ke fama da haya ba na kiransa azzalumi, da yawansu da kyar suke fita. Amma ban taɓa ganin takardar da ta ce an ƙara kuɗi saboda mai gida ya ƙara haya ba, kuma a 2019 da ƙwaya ta faɗi warwas ba wanda ya manna takardar ragi. Sakamakon haka mai saye yana fita da tunanin cewa wani can a Birazil ko Habasha ne ya cuce shi.

Alhali tarihin mutumin nan tarihin faɗuwa ne. Daga 1962 akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ke ƙayyade yawan abin da kowace ƙasa za ta fitar, don farashi ya zauna. A Yulin 1989 tsarin ya rushe, farashi ya rufto. A 2001 laba ta sauko ƙasa da rabin dala, manoma a Habasha da Amurka ta Tsakiya suka riƙa sayar da amfaninsu ƙasa da abin da suka kashe, wasu suka cire 'ya'yansu daga makaranta, wasu suka bar gonakin. Kuma ko wancan kwabo 15 da muka lissafa ba duka ke isa hannunsa ba: akwai ɗan kasuwar ƙauye, da mai injin wankewa da ɓarewa, da mai mota, da mai fitarwa. Kafin a sami kilo ɗaya na ɗanyar ƙwaya sai an tsinko kilo biyar zuwa shida na nunannun 'ya'ya, a yawancin ƙasashe da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Farashin kuma ba a Adis Ababa ko Kamfala ake yanka shi ba, a Niyu Yok da Landan ne.

Riba tana wurin suya da suna. Jamus da Suwizalan ba su da gonar gahawa, amma suna cikin ƙasashen da suka fi samun kuɗi daga fitar da ita, domin su ke soyawa, su niƙa, su ɗura a 'yan ƙoƙuna masu tambari. Mu da muka san yadda fatar akuyar Sakkwato ke barin majemar Kano ta tafi Italiya ta dawo takalmi da sunan wani, ba ma buƙatar dogon bayani. Da Habasha ta nemi yi wa sunayen yankunanta rajista, Sidamo da Harar da Yirgacefe, don ta sami abin cewa a kan yadda ake cin kasuwa da su, sai da ta yi ja-in-ja da kamfanin shagunan gahawa na Starbucks, da goyon bayan ƙungiyar Oxfam, kafin a sasanta a 2007. Sunan ƙasarka ma sai ka yi jayayya a kansa.

Tsadar 2024 da 2025 ta sa kuɗi sun shiga hannun manoma da yawa a Habasha da Yuganda fiye da yadda suka saba gani, kuma na yi murna da haka, ko da ya ƙara mini kwabo 12 a kofi. Amma wanda fari ya ƙone wa gona bai ga komai ba, tsada ba ta amfanar wanda ba shi da abin sayarwa. Waɗanda suka samu kuwa suna yin abin da kowane manomi zai yi: suna ƙara dashe. Na Sidamo yana dasawa, na Minas Gerais yana dasawa, na Biyetnam ma haka. Itatuwan da aka dasa a 2025 za su fara 'ya'ya wajen 2028 ko 2029, kusan a lokaci guda, kuma tun 1989 babu wata yarjejeniya da za ta tare farashi idan kaya suka yi yawa a kasuwa. Haya da albashi da haraji a Landan ba za su sauka don an yi damina mai kyau a Birazil ba, saboda haka allon da ke bayan kanta zai tsaya inda yake ko ya ƙara gaba. Rabon manomi ne kaɗai a cikin kofin nan yake iya komawa kwabo 4.